Daɓen Shuɗin Dutse

Aure ne ya kawo ni gidan masu fasa dutse, a wani ƙauye da ke gindin tsaunukan Dutse, ba nisa da Garu. Mu garinmu na wajen Miga ƙasa ce shimfiɗe, yashi da laka, ko tsakuwar jifan akuya sai ka nema. Da na zo na tarar duwatsu sun hau kan juna sun tare gabas, rana ba ta leƙo tsakar gida sai an gama dama kunu, na daɗe ban saba ba. A lokacin Nasara ba su jima da cin Kano ba. Muna jin labarinsu a bakin fatake, amma mu mata yawancinmu ba mu taɓa sa su a ido ba.

Maza uku ne a gidan: surukina, wanda kowa ke ce wa Baba, da mijina, da ƙanensa. Dutsen niƙa suke sassaƙawa su ɗora wa jakuna su kai kasuwa. Farin dutse suke yi da shi, irin wanda ya cika ko'ina. Amma akwai wani daban a tsaunin bayan gari, jijiya guda ce ta shuɗin dutse da ta ratso gangare ta shige ƙarƙashin wani ƙaton dutse da ya zauna a karkace bisa unguwarmu. In ya bushe sai ka ce toka. In ruwa ya taɓa shi kuwa sai ya fito shuɗi kamar zanen da aka tsamo daga marina, da zare-zaren fari a jikinsa. Taurinsa ya wuce misali, ƙarfe in ya dake shi wuta yake fitarwa. Ba a niƙa a kansa. Makoɗi ake yi da shi don koɗa dutsen niƙa in ya yi santsi, a kuma jera shi a gindin rumbu saboda danshi da gara. Dokin ƙofar masallacinmu ma shi ne, wani dogon yanki da ƙafafun masallata suka goge har yana sheƙi. Baba bai taɓa haƙar jijiyar ba. Abin da ruwan damina ya ɓamɓaro ya gangaro da shi, shi yake tsinta, kuma ya ishi gari.

Wata rana da damina wani Bature ya biyo ta garinmu da tafintansa da 'yan rakiya, ruwa ya tare su, suka fake a zauren mai gari. Da aka ɗauke ya fito ya ga dokin ƙofar masallaci a jiƙe. Waɗanda ke wurin sun ce ya tsuguna ya shafa shi, ya zaro wuƙa ya karta, wuƙar ba ta bar ko alama ba. Ya tambayi inda ake samunsa, aka nuna masa tsauni da hannu. Ya hau dokinsa ya tafi. Muka yi ta labarin jan kunnensa da gashin hannunsa, ba wanda ya sake tuna maganar dutse.

Bayan an gama girbi sai ga ɗan aike da umarni daga sama. Za a gina bariki a kan wani tudu, inda Turawa za su riƙa sauka in sun zo rangadi, kuma da shuɗin dutse za a yi daɓensa da matakala da bakin baranda. Kowane ƙauye na kewaye zai ba da mazaje. Mijina aka naɗa kan masu fasawa, tunda Baba ya tsufa.

Ɗan aiken ya tafi. Da Baba ya shigo gida ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon ƙaton dutsen nan na bisa unguwa. Inna, surukata, ta tambaye shi ko zai iya gangarowa in an taɓa ƙasansa. Ya ce bai sani ba, ubansa ma bai sani ba, don ba wanda ya taɓa gwadawa. Mijina kuwa na lura ba baƙin ciki yake ba. Mutum ne marar yawan magana, amma yana da wata ɗabi'a: in ya tsinci guntun shuɗin dutse sai ya tofa masa yawu ya murza da babban yatsa ya yi ta juya shi a rana. Da na kai masa ruwan wanka ranar, ya ce da ni a hankali:

"Tun ina yaro nake son in ga yadda zai yi in an shimfiɗa shi da faɗi."

Da wuta ake fasa shi. Mu mata muka yi ta ɗauko itace, a jibga a kan jijiyar a cinna, ta ci tun safe har la'asar, sannan a janye garwashi a kwara ruwan sanyi. Ƙarar da yake yi in ya tsage ba ta kama da komai da na sani. Tana shiga ta tafin ƙafa kafin ta kai kunne, kaji su watse, jariri ya zabura a baya. Duk lokacin da aka ji ta, kowa sai ya ɗaga kai ya dubi ƙaton dutsen. Remaye da ke zaune a kogunan tsaunin suka ƙaura gaba ɗaya. Macizai suka fara saukowa cikin gidaje, har aka kashe wani a cikin tulun Inna. Wata safiya muka tashi muka ga tsakuwa ta zubo a bayan dangarmu, ba ruwa ba iska. Mai gari ya ce duk gidajen da ke ƙarƙashin dutsen su tashi. Muka yi bukkokin kara a ɗaya gefen gari, kusa da dabinai, muka kwashe kaya. Liman ya tara almajiransa manya aka sauke Alƙur'ani, aka yi sadakar waina. Ni a lokacin ina goyon ɗana na fari, kuma duk tsorona a kan dutsen nan yake. In na je ɗibar hatsi a tsohon gida, da gudu nake shiga da gudu nake fita.

Haka ranin farko ya ƙare. An tara alluna na dutse masu yawa, an jingina su a gindin tsauni, damina ta sauka aka saki mutane suka koma gona. Mun ɗauka mafi wuyar ta wuce.

Da rani ya zagayo sai aka turo wani magini daga Kano, dattijo mai ladabi, shi zai shimfiɗa daɓen. Ya duba allunan ya ce Bature ba zai karɓe su haka ba. Yana son fuskar kowanne ta yi sumul yadda ƙafar tebur ba za ta yi rawa ba, bakunansu kuma su haɗu yadda ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Ba abin da ke cin shuɗin dutse sai ɗan'uwansa. Saboda haka sai a kwantar da allo ɗaya, a barbaɗa yashi, a kifa wani a kai, mutum biyu su durƙusa suna turawa suna jawowa. Aikin yini ne a kan allo guda, wani lokaci fiye. Da zafi ya tsananta, dutse ya koma ba ya taɓuwa da rana, sai suka kwashe aikin suka shiga wani babban kogo tsakanin duwatsu, mai inuwa da sanyi, iska ba ta ratsa shi. Kowa ya yaba da dabarar.

Ni nake kai wa mijina fura da azahar. Ranar da na fara shiga kogon ban gane shi ba. Mazaje durƙushe a jere, dukkansu fari fat kamar an tsamo su daga kwandon gari, har gashin ido. Akwai wata kafa a sama inda rana ke shigowa siririya, a cikin hasken nan sai ka ga ƙurar tana ƙyalli tana juyawa, ba ta sauka. Ba ta da wari. Ba ta sa atishawa kamar ƙurar sussuka. Sai dai in ka fito ka haɗa haƙora ka ji suna ƙas-ƙas. Ɗana yana bayana, na ja zane na rufe masa kai don kada ta ɓata masa ido, iyakar abin da ya zo mini ke nan.

Wanda ya fara tari wani ƙato ne daga wajen Taura, mutumin da ke ɗaukar allo shi kaɗai a ka ba gammo. Busasshen tari ne, ba majina ba zazzaɓi. Aka yi masa tsiya ana cewa furar mutanen dutse ce ta shaƙe shi. Ba a jima ba sai ya zama in ya hau gangare sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Aka sallame shi aka kawo wani. Daga nan sai na biyu, sai na uku. In na doso kogon da ƙwarya a ka, tun daga nesa nake jin sautin biyu a haɗe, gurzar dutse da tari. Mutane suka fara cewa iskokin tsauni ne suka fusata. Baba ya ce shi bai ga iska ba, abin da ya sani kawai shi ne duk rayuwarsa a fili yake sassaƙa, kaɗan-kaɗan, kuma bai taɓa ganin an tara ƙurar dutse a wuri ɗaya haka ba.

Ni a wurin wanki abin ya fara damuna. In na wanke rigar aikin mijina na tsiyaye ruwa, sai in ga wani laushin ƙasa ya kwanta a gindin ƙwarya, fari mai ƙyalli. Yana da laushi a ido, amma gaɓoɓin yatsuna duk sun tsattsage, kamar na yi wanki da garin kwalba. Na zauna ina kallon hannuna, na ce a raina abin da ya yi wa fata haka, me yake yi a cikin ƙirji? Na kai wa Inna maganar. Ta ce mu in za mu share tsakar gida ai yayyafa ruwa muke yi, me zai hana a yi wa dutse haka. Ta bi gida-gida da kanta, don ita ake jin nauyinta. Washegari mata suka jeru da tuluna daga rijiya zuwa kogo. Da aka jiƙa allunan ƙura ta kwanta ta zama caɓi, hasken kafar nan ya washe, har maginin Kano ya ce gurzar ta fi sauri.

Ba mu daɗe muna yi ba. Bazara ce, rijiyarmu guda ce, ruwa ya ja baya har guga yana fito da laka. Makiyaya suka kawo ƙara cewa shanu na kwana da ƙishi. Mai gari ya kira Inna ya ba ta haƙuri, ya ce ba zai iya shayar da dutse ya bar mutane da dabbobi ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba. An kuma aiko cewa lallai a gama kafin ruwan farko. Ƙura ta koma kogo.

Da mijina ya fara nasa tarin, ɓoyewa yake yi. Sai ya fita bayan bukka kamar zai kama ruwa. Wata rana da asuba na same shi a can ya dafa dabino, na durƙusa na ce:

"Maigida, ka je ka ce ba ka da lafiya. An sallami wasu, kai ma za a sallame ka."

Ya ce in ya fita ƙanensa za a sa a madadinsa, shi kuwa bai daɗe da aure ba, kuma har yanzu a wajen ɗora wa jakuna yake, a fili. Gaskiya ya faɗa. Can ya ƙara da cewa saura kaɗan, kuma shi kaɗai ya san wane allo ne zai bi wane. Na gane ba don ƙanensa kaɗai ba ne. Tun ranin farko yake ware allunan yana yi musu alama da gawayi, yana bin zaren farin da ke jikinsu.

An gama ana sauran kwanaki ruwa ya sauka. Ranar da aka yi ruwan farko, da yamma bayan an ɗauke, mijina ya ce in saɓa yaro mu je in gani kafin masu shi su zo. Tafiyar ba ta da nisa amma mun tsaya a hanya ya fi a ƙirga. Barikin ginin ƙasa ne da rufin ciyawa, ba wani abin mamaki. Sai da muka zagayo ta baranda. Feshin ruwa ya jiƙa daɓen duka. Ni na san daɓe, na yi shi tun ina budurwa, da tsakuwa da ruwan makuba muna bugawa muna waƙa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mijina ya jera alluna masu duhu a gefe, masu haske a tsakiya, zare-zaren farin nan kuwa ya haɗa bakinsu daga allo zuwa allo, suka taso daga ƙofa suka lanƙwasa suka gangara matakala kamar rafi. Gajimare na wucewa a cikinsa. Sai na ji kamar in na taka zan nutse. Mai gadi ya ce kada mu hau, ba mu hau ba. Mijina ya zauna a ƙasa kusa da matakala ta ƙarshe, yana numfashi da baki, ya ɗora tafin hannu a kan dutsen. Bai tambaye ni ko ya yi kyau ba. Ni kuwa kallon ƙirjinsa nake yi yadda yake ɗagawa da ƙyar.

Daminar nan bai iya kai kunya guda ƙarshe ba. Sai ya yi noma kaɗan ya zauna a kan ƙotar fartanya. Mun koma tsohon gida tare da sauran mutane, don ƙaton dutsen bai motsa ba ko kaɗan, kuma ba wanda ya sake ɗaga kai ya dube shi. Ba abin da ba mu yi ba: rubutu, zuma da citta, turaren saiwoyi, wani mai magani ma daga Ringim aka ɗauko shi a kan jaki. Nama ya zube daga jikinsa. Ba ya iya kwanciya, sai a jingine da bango, na cusa masa tsumma a baya. Labari ya riƙa zuwa daga ƙauyuka, yau a ce ƙaton nan na Taura ya rasu, jibi a ce wani. Masu kawo labarin sukan tsaya a ƙofar gida su faɗa wa Baba ƙasa-ƙasa, amma mijina yana ji, sai ya tambayi wanne ne, ya faɗi wurin da mutumin yake durƙusawa a kogo.

Wajen kaka leɓɓansa da faratansa suka fara yin duhu, wani irin shuɗi-shuɗi. Mata masu zuwa dubiya suka gani suka fita suna raɗa cewa launin dutsen ne ke fitowa. Wasu suka daina zuwa. Na sa lalle na rufe masa faratan, ya bar ni na yi, har ya yi murmushi ya ce na mai da shi ango.

Ana cikin haka ɗan aike ya dawo. Daɓen ya burge manya, ana son irinsa a wani gini, a fara da an gama girbi. Ya shigo har ɗaki don ya ga shugaban masu fasawa da idonsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube shi, ya yi masa sannu, ya fita ya ce wa Baba to ƙanen ya shirya.

Da ya tafi mijina ya sa aka kira ƙanen. Maganar ta ɗauke shi lokaci, yana yi yana hutawa.

"Ka ɗauki matarka da jaki ɗaya. Ka bar guduma a nan. Duk inda ka sauka, kada ka ce ka san dutse."

Ƙanen ya ce ba zai bar shi a haka ba, ya bar tsofaffi. Baba da ke zaune a bakin ƙofa ya ce masa ya ji abin da yayansa ya faɗa. Kwana biyu bayan nan suka fita kamar masu zuwa kasuwa, suka nufi arewa wajen kogi. An tsare Baba yini guda a kan haka, aka ga tsoho ne aka sake shi. Daga baya mun ji ƙanen ya zama mai noman albasa a fadama. Bai sake kwana a garin ba sai da ya yi furfura.

Mijina ya rasu da hantsi, ana ɗaurin dawa. Ina cikin takaba na ji ƙarar tsagewar dutse ta dawo. An kawo mazaje daga nesa, waɗanda ba su ji labari ba. Ni ba ni da halin fita. Baba ne ya ɗauki sanda ya hau, a karo na farko tun da aka fara aikin, ya same su ya ce su yi gurzarsu a fili ko da rana za ta gasa su, su ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya dawo ya ce wasu sun saurara, wasu sun ɗauka tsoho ne mai baƙin cikin an karɓe masa sana'a. Da zafi ya yi, Inna ta ce ta hango su suna kwashe alluna zuwa kogo.

Da na fita takaba yayana ya zo ya ɗauke ni. Inna ta so a bar mata yaron, Baba ya ce a'a, ya tafi inda babu tsauni. Muka kama hanyar Miga da sassafe, ina waiwaye har duwatsun suka koma ƙanana. A gida na tarar da komai yadda na bar shi, mutane suna ta yi mini gaisuwa suna tambaya wace irin cuta ce ta kashe mijina.

Na yi wani auren, na haifi wasu 'ya'yan. Amma na yi shekaru ina lissafin azahar ɗin da na shiga kogon nan da yaro a baya. In ya yi gudu da sa'o'insa ya dawo yana haki, sai in kira shi in sa kunne a bayansa in ce ya ja numfashi. Ya girma yana ƙin abin, yana cewa na fiye tsoro. Ni kaina da na fara manyanta sai na ga ba na iya ɗauko tulu daga rijiya ban tsaya ba, alhali sa'o'ina suna wucewa suna hira. Ƙishin ruwa ne, in ji wasu, wasu suka ce shekaru ne. Ban yi musu da kowa ba. Na dai daina zuwa rijiya, na koma kaɗi a inuwa.